Yadda Ake Gano Ko Yubikwitin Na Sarrafa Inzam Ɗin RNA a Ƙwayar Cutar Sammore

Ɗaliban digiri na biyu da na uku sun yi ta maimaita mini tambaya ɗaya, kowa da irin lafazinsa: "Malam, mun karanta cewa yubikwitin na manne wa furotin ya canza makomarsa, to ta yaya za mu gwada haka a kan inzam ɗin da muke aiki da shi?" Yawancinsu a kan *Trypanosoma brucei* suke aiki, ƙwayar da ƙudan tsando ke yaɗawa, ɗaya daga cikin masu jawo sammore a shanu, wadda danginta na kusa ke jawo ciwon barci a mutane. Don haka da ita zan yi bayani.

Abu biyu kawai za ka riƙe kafin mu shiga aiki. Yubikwitin ɗan ƙaramin furotin ne mai amino asid 76, nauyinsa kusan kilodalton 8.5, ana ɗaura shi a kan laisin, ɗaya daga cikin amino asid, na wani furotin, kuma akwai inzam masu kwance shi da ake kira DUB. Na biyu, wannan ƙwaya ba ta kunna ƙwayoyin gadonta ɗaya bayan ɗaya kamar yadda jikinmu ke yi. Kwafarsu take yi a jere, dogon zare guda, sannan ta yayyanka, ta liƙa wa kowane mRNA, wato saƙon da ake bi a haɗa furotin, wani ɗan guntu mai niyukiliyotaid 39 a goshi. Ke nan kusan duk hukuncin wane saƙo zai rayu, wane zai mutu, yana hannun inzam masu sarrafa RNA. Shi ya sa tambayar wa ke riƙe da linzaminsu take da nauyi.

1. Zaɓi inzam ɗaya tak

Buɗe TriTrypDB, rumbun bayanan ƙwayoyin gadon waɗannan ƙwayoyin cuta a intanet, ka nemo ƙwayar gadon, ka sauke jerin amino asid ɗinta, ka ƙirga laisin nawa ne kuma ina suke. Sannan ka duba TrypTag ka ga a wane sashe na ƙwayar furotin ɗin yake zaune. 

Ga mai farawa ina ba da shawarar masu rushe mRNA: XRNA, mai cin saƙo daga goshi, ko ALPH1, mai cire masa hular da ke kare goshin nasa kafin XRNA ya kama, ko CAF1 mai gutsure wutsiyar da ke kare ƙarshen saƙon. An san aikinsu, kuma idan suka samu matsala za ka iya auna sakamakon a mataki na ƙarshe.

Gargaɗi: kada ka fara da inzam masu gyaran RNA na cikin maitokondiriya, irin su KREL1. Na san suna da jan hankali, domin gyaran nan na saka yuridin da cire shi na cikin abubuwan mamaki na wannan ƙwaya. Amma kayan ɗaura yubikwitin a ruwan ƙwaya da cibiyarta suka fi aiki, ba a can cikin maitokondiriya ba. Za ka iya ƙone shekara kana neman abin da ba ya wurin.

2. Samo ƙwayar da ta dace, ka koyi rainonta

Nemi *T. b. brucei* nau'in Lister 427. Yana girma a kwalba ba gardama, kuma jinin mutum na ɗauke da furotin APOL1 da ke fasa shi. *T. b. gambiense* da *T. b. rhodesiense* kuwa suna kama mutum, kuma ba ka da wani dalilin taɓa su don wannan tambaya. Duk da haka safar hannu da rigar aiki wajibi ne, kuma duk ruwan da ya taɓa ƙwaya a zuba masa bilic kafin a zubar.

Nau'i biyu na rayuwarta ake raino: wanda ke zama a jinin dabba da wanda ke zama a cikin ƙudan tsando. Nau'in jini yana son ruwan HMI-9 mai ruwan jinin ɗan maraƙi kashi 10 cikin 100, a zafin digiri 37, da iskar CO2 kashi 5 cikin 100. Yana ninkuwa kusan duk sa'a 6, kuma da zarar ya haura miliyan 2 a mililita sai ya fara mutuwa. Nau'in cikin ƙuda yana girma a SDM-79 a digiri 27, yana kai ninki goma na wancan yawan, kuma ya fi haƙuri da sakaci.

Idan wutar ɗakin gwajinku ba ta tsayawa, kuma babu inbata a kan inkubeta, fara da nau'in cikin ƙuda. Wannan ba ragwanci ba ne. Dare ɗaya na rashin wuta ya isa ya kashe nau'in jini, kuma ko bai mutu ba, ƙwayar da ta wahala ba za ta ba ka amsar gaskiya ba. Sai dai a watannin zafi, Maris zuwa Mayu, ɗakinka zai wuce digiri 27 nesa ba kusa ba, don haka kana bukatar inkubeta mai sanyaya, ba mai ɗumamawa kaɗai ba.

Wasu za su ce, "Ai mu a ɓera muke rainon tamu." Haka ne, ɗakunan gwaji da yawa a Najeriya haka suke yi, su tace ƙwayar daga jini da DEAE-selulos. Hanyar na aiki, amma ga wannan gwaji tana da tarko: jajayen ƙwayoyin jinin ɓera cike suke da yubikwitin, kuma bambancinsa da na ƙwayar sammore kaɗan ne ƙwarai, antibodinka ba zai rarrabe su ba. Ga kuma tsawon lokacin tacewa, wanda ke canza yanayin ƙwayar. Wanda ke neman shawara kan samun ƙwaya da rainonta ya tuntuɓi cibiyar binciken cutar sammore ta ƙasa, NITR, da ke Kaduna da reshenta na Vom.

3. Sa wa inzam ɗin alama

Da wuya ka samu antibodin sayarwa da ke gane inzam ɗin wannan ƙwaya. Abin da ake yi shi ne a liƙa masa ɗan guntun alama a cikin ƙwayar gadonsa ta asali, ta hanyar PCR mai dogayen firaima da filasmid irin pPOT, ko ta CRISPR. A tura DNA ɗin cikin ƙwaya da injin bugun lantarki, a jira wasu sa'o'i ta farfaɗo, a zuba maganin zaɓe kamar bilastisidin. Nau'in jini kan fito cikin mako guda, na cikin ƙuda kan kai mako biyu.

A nan mutane da yawa ke zamewa ba su sani ba. Alamar da ka zaɓa kada ta kasance da laisin a jikinta, in ba haka ba yubikwitin na iya ɗauruwa a kan alamar, kai kuma ka yi ta murna kana cewa inzam ne. FLAG na da laisin biyu, Myc na da ɗaya, GFP kuwa tuli. HA da Ty1 ba su da ko ɗaya. Ɗauki ɗaya daga cikin biyun nan, ka jera shi sau uku don ya fi bayyana.

Sannan in zai yiwu ka sa alamar ta farkon furotin. A wannan ƙwaya, sashen da ke bayan ƙwayar gado, wato 3'UTR, shi ke yanke yawan furotin da za a yi. Idan ka sa alama ta ƙarshe, sau da yawa ka musanya wannan sashe da na wani, ka ɓata adadin da kake son aunawa. Kuma kada ka cusa ƙarin kwafi don furotin ya yi yawa: rarar da ba ta samu abokan aikinta ba, ƙwayar da kanta za ta lafta mata yubikwitin ta jefar, ka auna shara a matsayin sakamako.

Kafin ka wuce, tabbatar alamar ba ta kashe inzam ɗin ba. Ƙwayar na da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado. Cire ɗayan da ba shi da alama. Idan inzam ɗin na dole ne ga rayuwa kuma ƙwayar ta ci gaba da girma daidai, mai alamar na aiki.

4. Tara ƙwaya, ka raba ta kashi-kashi

Kason da ke ɗauke da yubikwitin a kowane lokaci ɗan mitsitsi ne, don haka kana bukatar ƙwaya mai yawa: miliyan 200 zuwa 500 ga kowane kashi. A nau'in jini wannan na nufin mililita 200 zuwa 500 na HMI-9 ga kashi ɗaya. Yi lissafin ruwan jinin maraƙi tun yanzu, domin shi ke cinye kuɗi a ɓoye.

Kashi uku ne mafi ƙaranci. Na ɗaya, ƙwaya mai alama da aka zuba wa MG132, maikiromola 10 zuwa 20, na sa'a 1 zuwa 2. MG132 na tsayar da firotiyasom, wato injin markaɗen furotin, sai abin da aka ɗaura wa yubikwitin don a niƙa ya taru. Na biyu, ƙwaya mai alama da aka zuba wa DMSO, ruwan da ake narka MG132 a ciki, shi kaɗai, daidai adadin da ke cikin maganin. Na uku, ƙwaya marar alama, ita ce shaidarka cewa abin da ka gani ba datti ba ne.

Gargaɗi: kada ka bar MG132 ya kwana. Idan ya daɗe yakan tsayar da rabuwar ƙwaya, ya ƙarar da yubikwitin ɗin da ke sake, har furotin mai ɗauke da guda ɗaya tak ya rasa nasa. Leƙa a madubin ƙara girma kafin ka girbe. Idan ba sa wutsil-wutsil kamar yadda suka saba, zubar ka sake.

5. Fasa ƙwayar, minti ɗayan da ya fi kowane muhimmanci

Daga lokacin da ƙwaya ta fashe, inzam ɗin DUB ke bazama suna kwance duk yubikwitin ɗin da suka tarar. Kafin ka gama jera bututu sun gama aikinsu. Mafi yawan waɗanda suka zo mini da "ba mu ga komai ba", a nan suka yi asara.

Haɗa komai kafin ka taɓa kwalbar raino. Ruwan fasawa: Tris mai pH 7.5, SDS kashi 1 cikin 100, NEM milimola 20, da haɗin magungunan hana cin furotin. NEM shi ke toshe bakin DUB. A narka shi a etanol a ranar, domin ba ya daɗewa a ruwa. Guba ne, a auna shi da safar hannu a inda iska ke fita. Kunna tubalin ɗumama ya kai digiri 95 tun da wuri.

Juya ƙwayar a santirifuj, kusan g 1,400 na minti 10. Wanke sau ɗaya kawai, da sauri, da ruwan gishiri mai gulukos. Nau'in jini ba shi da abinci sai gulukos, kuma nau'in cikin ƙuda idan ya daɗe a PBS yakan tattara mRNA ɗinsa da furotin masu kula da shi cikin dunƙulen yunwa. Ka ga ke nan wanki mai tsawo na canza ainihin abin da kake son gani. Tsiyaye ruwan, zuba ruwan fasawa kai tsaye a kan ɗan farin curin da ya kwanta a gindin bututu, ka sa a digiri 95 na minti 5 zuwa 10. Zai yi yauƙi kamar miyar kuɓewa saboda DNA. Buga shi da injin sonika har ya tsinke ya koma ruwa.

Kada DTT ko makaptoyetanol su shiga wannan ruwa. Ni kaina na taɓa ɓata kusan wata biyu a kan wannan. Na ɗauko ruwan fasawa da aka riga aka haɗa don wani aiki, na ƙara masa NEM, ban karanta takardar da ke liƙe a jikin kwalbar da kyau ba. Akwai DTT a ciki. Su biyun cinye juna suke yi, sai ya zama kamar ban zuba komai ba. Sau huɗu ina samun fim fari tas, ina zargin antibodi, har na fara neman kuɗin sayen wani. Tun daga ranar, da hannuna nake haɗa ruwan fasawa.

Tafasawa da SDS na da amfani na biyu. Inzam masu sarrafa RNA ba sa tafiya su kaɗai, a cikin gungu suke, manne da wasu furotin. Idan ka jawo inzam ɗinka a hankali ba ka wargaza gungun ba, yubikwitin ɗin da ka gani zai iya zama na maƙwabcinsa.

6. Jawo inzam ɗin

SDS kashi 1 zai lalata antibodi, don haka sirka samfurin ninki goma da ruwa mai Triton X-100 kashi 1 da NEM, ya sauko zuwa 0.1. Juya shi da ƙarfi na minti 15 a sanyi, ka kwashe ruwan sama. Ɗebi kaɗan ka ajiye gefe, shi ne shaidar abin da ka fara da shi. Sauran a zuba masa ƙwallayen maganaɗisu masu antibodin HA (ko na Ty1, idan ita ka zaɓa), a bar shi yana jujjuyawa a digiri 4 na sa'a 2. Wanke sau huɗu ko biyar.

Akwai hanyar da ake bi ta ɗaya gefen: a jawo duk abin da ke ɗauke da yubikwitin da ƙwallayen TUBE, sannan a nemi alamar HA a ciki. Idan aljihu ya yarda, yi duka biyun. Amsa ɗaya daga hanya biyu ta fi ƙarfin amsa goma daga hanya ɗaya.

7. Karanta westan bulot, gwajin gano furotin da antibodi, da idon basira

Yi amfani da jel mai gangaren kauri, 4 zuwa 12, ko 3 zuwa 8 idan inzam ɗin babba ne kamar XRNA. Ƙarin kilodalton 8 a kan ƙaton furotin ba ya fitowa a jel mai kauri. Ba wa kwafewa zuwa fatar PVDF isasshen lokaci a cikin sanyi, domin manyan sarƙoƙi su ne na ƙarshen fitowa daga jel. Nemi yubikwitin da antibodi irin P4D1 ko FK2, ka nemi HA a wata fatar daban.

Layi ɗaya a saman na asali da tazarar kusan kilodalton 8 na nuna yubikwitin guda. Tsani mai hawa-hawa, ko wani duhu da ya miƙe sama kamar hayaƙi, sarƙa ce. Idan duhun ya ƙaru a kashin MG132, akwai alamar injin markaɗe ake kai shi. Idan kuwa ya fito har a ƙwaya marar alama, ba naka ba ne. A kula da yankin kilodalton 50 zuwa 60: a nan babban sashen antibodi ke zama, a nan kuma VSG yake, rigar nau'in jini, wanda yawansa ya sa yake kutsawa ko'ina.

Sai gwajin da ba na karɓar sakamako in babu shi. Raba ƙwallayen gida biyu, ka wanke NEM ɗin tas, ka zuba wa rabi inzam USP2 tare da ɗan DTT, a digiri 37 na sa'a ɗaya. USP2 na yanke yubikwitin kusan kowane iri. Idan hayaƙin ya ɓace, yubikwitin ne. Idan ya tsaya daram, wani abu ne daban, wataƙila SUMO, wani ɗan furotin mai kama da yubikwitin, wataƙila fosfet. Mai son sanin irin sarƙar ya gwada OTUB1 mai yanke K48 da AMSH mai yanke K63, wato sarƙoƙin da aka haɗa ta laisin na 48 ko na 63 na yubikwitin. K48 galibi takardar sallama ce zuwa markaɗe, K63 kuwa ta fi shafar inda furotin zai zauna da wanda zai yi hulɗa da shi.

8. Gano laisin ɗin da ake ɗaurawa

Wannan sai da injin auna nauyin guntayen furotin, kuma yawancinmu aikawa muke yi wani ɗakin gwaji. Idan inzam ɗin tiripsin ya yayyanka furotin, yubikwitin kan bar gilaisin biyu a kan laisin, ƙarin dalton 114.04. Wannan sawun ake nema.

Yi magana da masu injin tun kafin ka fara mataki na 5. Ka ce musu su yi amfani da kuloroasetamaid maimakon ayodoasetamaid, domin na biyun na iya barin tabo mai nauyi daidai da sawun yubikwitin. Ka kuma sani cewa NEDD8, wani ɗan'uwan yubikwitin, shi ma irin wannan sawu yake bari, kuma ƙwayar sammore na da shi. Gwajin USP2 da antibodin da ka yi a baya su za su taimaka wajen raba gardama. Yankan jel ya fi sauƙin aikawa fiye da samfurin da ke bukatar busasshiyar ƙanƙara, musamman idan kayan za su kwana a filin jirgi.

Batun kuɗi

Ba zan ba ka farashi a naira ba, domin kafin ka gama karantawa ya canza. Amma ga tsarin nauyin. Antibodi da ƙwallayen maganaɗisu da TUBE, kowace ƙaramar kwalba ɗaruruwan daloli ce. Auna nauyin guntaye shi ne mafi tsada a kan kowane samfur. Ruwan jinin maraƙi, tukunyar CO2 da man janareta su ne masu ci kullum. NEM, SDS da Tris ba su da tsada, kuma su ne ke yanke hukuncin ko sauran kuɗin zai yi amfani. Ku haɗa kai da wasu ɗalibai ku sayi antibodi ɗaya, ku rarraba shi a ƙananan bututu tun ranar da ya iso, don kada a yi ta narkarwa ana daskarewa. Ka tambayi dillali yadda zai riƙe sanyin kayan daga tashar jirgi zuwa hannunka kafin ka biya.

9. Nuna cewa ɗaurin na da tasiri a kan RNA

Duk abin da ka yi zuwa nan ya nuna ana ɗaura wa inzam ɗin yubikwitin ne kawai. Bai nuna ana sarrafa shi da hakan ba. Kusan kowane furotin idan ya tsufa ana ɗaura masa a jefar. Ina ganin rubuce-rubucen ɗalibai da ke tsayawa a mataki na 7 su sa kalmar "sarrafawa" a take, kuma abin na damuna, domin aikin da ya rage bai fi wanda suka riga suka yi wuya ba.

Canza laisin ɗin zuwa ajinin, wanda cajinsa ɗaya ne amma ba ya karɓar yubikwitin, a ƙwayar da aka cire wa ɗaya kwafin. Maimaita mataki na 5 zuwa 7. Idan hayaƙin bai ragu ba, kada ka karaya, sau da yawa ɗaurin kan koma kan laisin na kusa, sai ka canza su tare.

Daga nan awo uku. Na farko, tsawon ran furotin: zuba saikulohekzimaid don tsayar da yin sabon furotin, ka ɗebi samfur lokaci-lokaci na wasu sa'o'i, ka kwatanta na asali da wanda aka canza. Na biyu, wurin zama: XRNA da ALPH1 kan taru a wani ɗigo a ƙarshen bayan ƙwaya, kuma tarin XRNA kan ƙaru idan aka ɗumama nau'in cikin ƙuda zuwa digiri 41. Duba ko wanda aka canza na zuwa wurin. Na uku, shi ne zuciyar aikin: saurin rushewar mRNA. Zuba sinefunjin, maikirogiram 2 a mililita, don tsayar da liƙa guntun goshi. Bayan minti 5 ka bi shi da aktinomaisin D, maikirogiram 10 a mililita, don tsayar da kwafa. Ɗebi samfur a minti 0, 5, 10, 15, 30 da 60. A nau'in jini saƙonni da yawa rabinsu kan tafi kafin minti 20, don haka wanda ya fara ɗiba bayan sa'a guda ya tarar an watse.

Wajen auna yawan mRNA ɗin da qPCR, kada ka daidaita da tubulin ko aktin, domin su ma mRNA ne, suna rushewa a gabanka. Daidaita da RNA na raibosom ko 7SL. Yi gwajin sau uku a ranaku daban-daban, da aƙalla zuriya biyu na ƙwayar da aka canza waɗanda aka ware daban, don kada lahanin zuriya ɗaya ya ruɗe ka.

Idan ka ga bambanci, tambaya ta gaba ita ce wane E3, wato inzam mai ɗaura yubikwitin, ke ɗaurawa, wane DUB ke kwancewa. A *T. brucei* kana da RNAi, hanyar rage mRNA ɗin ƙwayar gadon da ka zaɓa: ka rage waɗanda kake zargi ɗaya bayan ɗaya da tetirasaikilin, maikirogiram 1 a mililita, ka ga wanne ke sa hayaƙin ya ɓace ko ya ƙaru. Masu aiki da *Leishmania donovani*, *T. cruzi* ko *Plasmodium* ba su da wannan hanya, domin waɗannan ƙwayoyi ba su da kayan RNAi. Su sai CRISPR, kuma idan ƙwayar gadon ta dole ce, sai an nemi tsarin da ake kashe ta a lokacin da ake so.